Ukun da Muka Faɗa wa Evanthia

Fada Haralambos limamin cocinmu, da shugaban asibitinmu, da shugabar sashen cutar daji wadda ta ba ni minti biyar alhali ta san halina, abokan aiki da maƙwabta, sai ku da rashin ya fi taɓawa, Lefteris mijinta da Mirto 'yarta, ina gaishe ku duka. Yau kwana arba'in da rasuwar Evanthia Tsakiri. An raba dafaffiyar alkamar sadaka, kofi yana hucewa, bari in fara.

Ta kasance ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje shekara ashirin da shida, a ɗakin nan na ƙasa da tagarsa ba ta nuna komai sai tayoyin motoci. Mu likitoci muna sama muna karɓar godiya, ita tana ƙasa tana yin aikin. Idan sankarar mama ta bazu, wasu ƙwayoyinta kan ɓalle su shiga jini. Mukan ɗebi jinin da bai wuce cokalin shayi ɗaya da rabi ba, na'ura ta tace shi ta jero hotuna, Evanthia ta zauna ta ce wannan ƙwayar sankara ce, wannan tarkace ne. In ba su kai biyar ba, mukan ɗan saki fuska. In sun kai, mukan tsaya a ƙofar mara lafiya muna gyaran riga fiye da kima.

Ta kasance ba ta yi wa kowa ragi. Na taɓa roƙonta ta sake duba wata ƙwaya ta biyar, ko za ta koma tarkace. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ita ba tumatir take sayarwa ba. Amma ita ce kuma take tuna mana cewa lambar nan, labarin mata dubu take bayarwa, ba ta san matar da ke gado na bakwai ba. Akwai wata tsohuwa daga ƙauyukan Zagori da aka ƙirga mata ƙwayoyi arba'in, ta ƙara shekara shida tana kawo mana jan ƙwai duk bikin Ista. Evanthia takan ce baiwar Allah ba ta karanta littattafanmu ba ne, kada wanda ya ara mata.

Kun san mu a Ioannina. Ba ma kiran cutar da sunanta, sai mu ce mugun abu. Miji ko ɗa kan tare likita a baranda, ya kama hannun rigarta, ya ce don Allah kada a faɗa wa mara lafiyar. Na yi shekara ashirin ina koya wa ɗalibai cewa wannan kuskure ne, mara lafiya ke da haƙƙin sanin abin da ke jikinta. Har takarda na rubuta a kai, mutum tara suka karanta.

Bara da kaka ciwon Evanthia ya dawo, ya kama ƙashi da hanta. Muka aika jininta Athens don kada ya bi ta hannunta. Sakamako ya zo, ashirin da uku. Lefteris ya tare ni a baranda, da hannuwan nan nasa na maƙerin azurfa ya kama rigata. Ni ce uwar baftismar Mirto, shi ya sa Evanthia take ce mini Kumbara, shekara talatin ina cin abinci a teburinsu. Na shiga ɗakin Evanthia na ce mata an samu uku. Ta gyaɗa kai ta ce madalla, ta tambayi ko an kawo mata safarta.

Mirto, tun ranar jana'iza ba ki yi wa babanki magana ba. Kada ki ji kunya, gari ne ƙarami, kowa ya lura. Kin ce mini mun sace wa mahaifiyarki bankwana, mun bar ta ta tafi kamar yarinyar da aka rufe wa ido. Lefteris bai kare kansa ba, don shi ma abin da yake gani ke nan. Ina da saƙo gare ku, an ce in riƙe shi sai yau.

Mako biyu bayan wannan ƙaryar tawa, muna zaune a bakin tafki muna shan kofi, ta ce:

"Kumbara, ashirin da nawa suka samu?"

Na fara kame-kame. Ta ce in daina, bai yi mini kyau ba. Ashe tun kafin jinin ya tafi Athens ta ɗebi nata da kanta, ta saka a na'urarta, ta ƙirga sha tara. Ta ce mutanen Athens sun cika kyauta, tarkace ma ƙirgawa suke yi.

Na ce to bari mu faɗa wa Lefteris, ya huta. Ta ce kul. Ta ce mutumin nan ba zai iya warkar da ita ba, ba zai iya zama ya zura mata ido ba, ƙaryar ce kaɗai aikin da ya rage masa, da ita yake tashi kowace safiya. Kunnuwansa sukan yi ja duk lokacin da ya ce mata ta yi kyau yau, ita kuwa sai ta kalli silin.

Saboda haka ki sake duba watannin nan bakwai, Mirto. Da ta ƙi zagayen magani na ƙarshe, kun ɗauka tana ganin ta samu sauƙi ne. Ta san abin da take zaɓa. Da ta dage sai kun je ƙauye tsince 'ya'yan itacen kastana a cikin ruwan sama, da ta tsare ki a kicin sai kin iya murza ɓawon fanken alayyafo har ya yi siriri kamar takarda, tana yi miki ba'a cewa jami'a ta lalata miki hannu, bankwana take yi. Da ta riƙa sauka ɗakin ƙasa da sanda tana koya wa mata biyun da suka gaje ta, har ta sa ɗaya kuka, mu ma da mu take yi. Ba mu gane ba, don ba ta yi shi yadda ake yi a fim ba.

Ban ce na yi daidai ba. Gobe zan shiga aji in faɗa wa ɗalibai abin da na saba faɗa, kuma zan faɗa da gaske, don ba kowace mace ke da na'ura a hannunta ba.

Muna gode wa Fada, da ma'aikatan jinya na hawa na uku, da duk wanda ya tako nan yau. Saura godiya ɗaya da ba tamu ba. Evanthia ta ce abu guda ne ya gagare ta yi da bakinta, don da ta yi, asiri ya tonu. Lefteris, ta ce duk garin nan babu wanda ya kai ka rashin iya ƙarya, amma ka yi mata ita wata bakwai ba ka gaji ba. Ta ce in ce maka ta gode, kuma in faɗa a inda Mirto za ta ji.

Allah ya ba ta hutawa a inda babu ciwo, ya sanyaya zukatan waɗanda ta bari, ya sa kada mu manta da ita. Amin.