Siminti Ba Ya Kwana

A layin wani shagon kayan gini a Greensboro, Laouali na dafe da buhun siminti yana mita da Hausa. Wani dattijo a bayansa ya taɓa shi.

"Samari, lafiya?"

"Baba, ashe namu ne! Duwatsu na jera daga ƙofar gida zuwa bakin titi, zan cike tsakaninsu. Kwaɓin jiya ya daskare a baro, har da shebur ɗin."

"Kwana ka bar shi ya yi?"

"Eh mana, don ya tsumu. Haka muke wa ƙasar gini a Maraɗi."

Dattijon ya kwashe da dariya. "Siminti ba laka ba ne, ba ya jiran kowa. Yashi awo uku, siminti ɗaya, ruwa kaɗan-kaɗan, ka kwaɓa ka zuba nan take. Kuma kada ka kuskura ka taka da ƙafa, zai cinye ta."

"Wallahi yau da na naɗe wando! Allah ya saka da alheri, Baba. Innata ce za ta zo, ina tsoron sandarta ta maƙale a ramukan."

Dattijon ya dube shi.

"Ni tawa ta rasu ba ta ga gidana ba. Ɗauki buhun, mu je tare."