Kitsen Jinin Tsuntsuwa

Shugaban taro, likitocinmu masu daraja, ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji, iyaye 'yan'uwana da kuka goyo 'ya'yanku kuka zo, ina yi muku sallama.

Ina gode wa waɗanda suka ba ni wannan dama, ko da yake har yanzu ina ganin sun yi kuskuren zaɓe. Ni mai rubuta alama a jikin kaya ne a tashar mota. Na rubuta jawabin nan na goge, na sake rubutawa. Inda na kauce, likita ta gyara mini.

Na farko, labarin 'yarmu. Muna kiranta Tsuntsuwa, don cinta bai fi na tsuntsu ba. Sa'o'inta suka zauna, ita ba ta zauna ba. Da aka auna jininta, aka ce kitsen da ake kira kolestarol ya yi ƙasa ƙwarai. Yayana, wanda nasa ya yi yawa har aka hana shi maiƙo, ya yi dariya ya ce, "Kai, ta sam mini mana!" Mahaifiyata kuwa ba ta yi dariya ba. Ta dubi matata ta ce, "Yarinya ba maiƙo a jini? Nononki ne ruwa. Je ki gida ki koyo reno." Matata ta tafi gidansu da goyonta.

Na biyu, bayanin likita. Ta ce a cikin jiki akwai wasu sinadarai da ake kira furotin, kuma yawancinsu sai an ɗaura musu wani zaren sukari kafin su yi aiki daidai. Ta ce da ni, "Malam, buhun da ba ka rubuta wa alama ba, ina yake zuwa?" Na ce, sai inda Allah Ya kai shi. Ta ce to haka jikin Tsuntsuwa yake: zaren nan shi ne alamar, a jikinta kuwa ba ya ɗauruwa daidai, kuma masu jigilar kitse a jini su ma furotin ne. A wasu yara kitsen ya yi ƙasa, a wasu ya yi sama har ya taru a hanta. Ba nono ba ne, ba rowa ba ce, ba sakaci ba ne.

Na uku, wannan ciwo gado ne, kuma a irin namu sai uwa da uba sun haɗu kowa ya kawo rabi. Da na kai wa mahaifiyata wannan magana, sai ta ce, "Ashe rabin ta ɗana ya biyo?" Ta yafa mayafinta ta ce, "Tashi ka raka ni. Bakin da ya kore ta shi zai dawo da ita."

Jama'a, rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. Ku tambaya kafin ku yanke wa uwa hukunci. Tsuntsuwa ba ta warke ba, ana dai kula da ita. Ga ta can baya a cinyar kakarta, uwarta na gyara mata hula.

Allah Ya ba 'ya'yanmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.