Dokin da Ya Tsaya

A rumfar mai goro ta Ƙofar Kabuga, bayan an tashi daga sukuwa, Baba Ashafa yana ta huci, wani baƙo na zaune gefensa.

"Malam, ka ga mai farin dokin nan? Saura ƙiris ya ci ragon da aka sa a gasar, wai don na kusa da shi ya faɗi sai ya ja linzami! Ɗana ne, Jibril. Yau zan karɓe dokina."

"Da kai ne, Baba, wucewa za ka yi?"

"Sukuwa aka zo ko jinya?"

Baƙon ya daɗe yana jujjuya goronsa.

"Ƙafarsa ce ta maƙale a likkafa, doki na jansa a ƙasa. Ɗanka ya tare dokin. Wanda ya faɗin ɗana ne."

Ashafa ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yaya jikin nasa?"