Shadda Huɗu a Akokan

Dije: Alo? Wa ke magana?

Radiyya: Salamu alaikum, Yaya Dije, ni ce Radiyya.

Dije: Wa alaikumus salam. Ah, madam mai gidajen haya! Yau an tuna da talakawan Agadas?

Radiyya: Haba Yaya. Ina wuni? Ya yara, ya maigida?

Dije: Lafiya lau. Ya Akokan, ya zafi? Ya kuma kirga kuɗin haya, ba ya gajiyar da ke?

Radiyya: Yaya, ina Malam Illi? Lambarsa nake so.

Dije: Mijina? Me za ki yi da shi?

Radiyya: Kin san filin kwantenonin nan da Yaya Alkassoum ya saya bayan an rufe ma'adinai...

Dije: Na sani mana. Wanda ya tsallake ni, babba, ya damƙa wa auta. Ci gaba.

Radiyya: To, shadda... huɗu... duka...

Dije: Me? Rezo ba kyau. Shadda huɗu?

Radiyya: E, huɗu, kuma Yaya Alkassoum ya ce in kashe ko nawa ne a kansu.

Dije: Lallai! Ni da sallah atamfa ɗaya ya aiko min, mai zuba ma. Ke shadda har huɗu! Gezna ce?

Radiyya: Wace gezna? Ko kusa da su ba ya zuwuwa don wari.

Dije: Sabuwar shadda dama da ƙamshinta. Yi min fankama da kyau. Wace kala?

Radiyya: Yaya! Shaddar bayan gida! Masai! Ramukan sun cika, ɗaya ya rufta, ruwa na bin ƙarƙashin ɗakuna.

Dije: Au.

Radiyya: 'Yan zinariyar Tchibarakaten da ke haya sun fara ɗaure kaya. Mutanen meri, ofishin magajin gari, sun zo, sun ce in ba a zuƙe ba kafin Juma'a za su rufe wurin. Sitan ɗin garin nan, motar zuƙe masai, ta lalace. Ta Malam Illi kaɗai ta rage min.

Dije: Ashe gidan madam wari yake.

Radiyya: Dariya ma kike?

Dije: Ni? Tari ne ya sarƙe ni.

Radiyya: Yaya, in aka rufe, ni da marayuna ina za mu? A kwantena ɗaya muke kwana, ita ma ruwan ya kusa ƙofa.

Dije: Da ni aka ba wurin, da tuni sitan na ƙofa, kyauta. Amma ba a ga ina da amfani ba sai da kashi ya taso.

Radiyya: Don mijina ya rasu ne ya ba ni, kin sani. Masai fa muke magana a kai!

Dije: Ko na masai ne, ni an taɓa ba ni ko rami ɗaya?

Radiyya: Don Allah lambar, kiredina ya kusa ƙarewa.

Dije: Ki ce wa Alkassoum ya kira ni da bakinsa.

Radiyya: Yana daji, ba rezo! Yaya, don darajar Inna.

Dije: Hm. Kin iya kama mutum. To rubuta. Tasa'in da shida... kina ji? Tasa'in da shida, arba'in da... Alo? Radiyya? Alo! Ji min yarinya. Gidan haya guda a hannunta, kiredin ma sai ni zan saya in kira ta.