Sanda a Kafaɗa

A tashar motar Kafanchan, Milka ta matsa wa wani tsoho a benci. Da saurinsa ya iso, ya saɓa sandar asibiti a kafaɗa kamar fartanya.

"Baba, ina zuwa?"

"Wurin masu gashin ƙashi, 'yata. Kowace Laraba."

"Amma na ga ƙafarka lafiya lau."

Ya dubi sandar, kunya ta kama shi. "Tun Ista ta warke. Kada ki gaya wa kowa."

"To me za ka je yi?"

"In sun sani, za su cire sunana. Tun da matata ta rasu, yara suka koma Sabon Tasha, a asibitin ne kawai ake kiran 'Azariya!' in amsa. Har su tambaye ni ko na ci abinci."

Rigar 'yan sa-kai na asibitin tana ninke cikin jakar Milka. Yau za ta fara aiki, ba ta san kowa a can ba.

"Hanyarmu ɗaya," in ji ta. "Sauke sandar, Baba. Wace ƙafar ce ma?"

"Hagu."

"To dafa ni ta hagu."