Takin Da Ke Zuwa Da Ƙafarsa

Mai girma shugaban taro, wakilin mai unguwa, malaman gona, limamai da fastoci, iyayena maza da mata, 'yan'uwana manoma, barkanmu da ganin wannan rana. Sunana Halimatu Sadiya, ni ƙungiyar manoman hanyar Izom ta ɗora wa nauyin magana.

Muna godiya ga waɗanda suka kawo tallafin farfaɗo da ƙasar noma. Takin shanu ne, tifa-tifa, kuma wallahi muna bukatarsa, don ƙasar da ta ciyar da kakanninmu ta koma ja, ta ƙeƙashe, ka sa fartanya ka ji kamar kana saran daɓe. Sai dai ku gafarce ni, zuciyata ba ta yi fari ba.

Da farko, mu tuna cewa takin nan da ake jibge mana a mota, a da da ƙafarsa yake zuwa. Da an gama girbi sai Malam Hashim makiyayi ya shigo da shanunsa, su ci kara, yau su kwana a gonar wannan, gobe a ta wancan. Shi ya ƙoshar da dabbobinsa, mu ƙasarmu ta ƙoshi.

Na biyu, mu tuna ranar da shanun suka shiga rogon wani, aka taru cikin fushi aka ce kada kofato ya sake taka gonar kowa. Baba Istifanus kaɗai ya miƙe ya ce, "Jama'a, a biya mai rogo ɓarnarsa, amma kada ku kori abincin ƙasarku." Aka yi masa dariya, wai tsufa ne. Ga shi nan zaune a gaba. Bara masararsa ko ƙugu ba ta kai ba, kuma 'ya'yansa sun ce in daminar bana ta ƙi, gonar ta zama ta masu yanka filaye.

Tallafi na shekara ɗaya ne, jama'a, ƙasa kuwa kullum take neman ci. Shi ya sa Baba ya roƙe ni in raka shi rugar Malam Hashim mu ba shi haƙuri. Muka je shekaranjiya. Babu shanu, babu bukka, sai ma'aikata da shebur suna loda taki a tifa. Na tambayi direban ina za a kai. Ya ce, "Hajiya, na manoman tallafi ne, ran Asabar za a raba musu." Baba ya durƙusa, ya damƙi takin ya shinshina.

Abin da za a raba mana yau ke nan, na ƙarshe da shanun suka bari. Ina roƙon a fara saukewa a gonar Baba Istifanus. Kuma duk wanda ya san inda Malam Hashim ya sa gaba, don girman Allah ya gaya mana kafin a watse.

Allah ya raya ƙasarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.