Tokar da ban zuba ba

Gaisuwa, mai karanta wasiƙu. Ni ce Hajo daga Filinge, jikata Ramatu ka rubuta min.

Shekarar da sojan Nasara ke kwasar hatsi, uwar mijina ta ce: "Hajo, ɓoye irinmu cikin tulu, ki gauraya da toka saboda ƙwari." Ina amarya, lallena sabo, na liƙe tulun ba toka. Da ruwa ya sauka munka buɗe, sai gari da ƙwari, sun cinye irin. Na ce Zali ƙanwar mijina ce ta liƙe shi. Anka buge ta, ba ta tona ni ba.

Har yau daga Sanam tana aiko min da wake. Jama'a, da wane baki zan roƙe ta gafara?

Ramatu, aje alƙalamin. Na gaji.